Riƙon Sashe a Jami'a: Abin da Za Mu Aro Daga Ɗan Kasuwa da Abin da Za Mu Bar Masa

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, fataucin riɗi ya yi har ƙarfinsa ya ƙare. Duk ranar Alhamis in ya dawo daga kasuwar Maigatari, ba ya kwanciya sai ya zauna a zaure bayan isha'i, ya jawo fitila, ya buɗe wani littafi mai baƙin bango wanda ya sha hannu har gefensa ya nannaɗe. Da ajami yake rubutu. Buhu nawa ya shigo, nawa ya fita, wa ya ɗauki kaya bashi, nawa aka ba 'yan dako, nawa dillali ya ci la'ada. In lissafi ya ƙi haɗuwa, ko da na mudu biyu ne, da sassafe za a kwance buhu a sake awo.

Ranar da aka ba ni takardar shugabancin sashe a wata jami'a ta yankinmu, abin da na tarar shi ne makullin ofis, da hatimi, da kabad cike da fayil-fayil. Wanda na gada mutumin kirki ne, amma duk harkar sashen a kansa take, ba a takarda ba, kuma ya tafi da ita hutun shekara guda. Na fi wata biyu ban san ko ɗalibai nawa ne ke bin mu bashin sakamako ba. A nan littafin Baba ya faɗo mini a rai, kuma abin da zan zayyana a nan duk daga can ya samo tushe, na haɗa da ɗan abin da na karanta na masana harkar gudanarwa.

Jami'o'in da ke garuruwanmu yara ne. Ta Wudil an kafa ta a 2001, ta Tarayya da ke Dutse a 2011, ta Kafin Hausa a 2013, ta fasaha da ke Ɓabura a 2021. Ba su gama tsayawa da ƙafarsu ba sauye-sauye suka yi musu rubdugu. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2020 ya ci wata tara, na 2022 ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, kalandar karatu ta hargitse. A Disambar 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i, NUC, ta ƙaddamar da sabuwar manhaja, CCMAS, a madadin tsohuwar, BMAS. A ranar 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Malamai na ta ficewa. Ɗalibi kuma yanzu da wayarsa yana iya sa manhajar ƙirƙirarriyar basira ta rubuta masa aikin gida kafin ya gama shan shayi. Duk wannan a teburin shugaban sashe yake saukowa, mutumin da ba shi da ikon ɗaukar ma'aikaci, ba shi da ikon kora, ba shi da ikon ƙara wa kowa ko sisi. Saboda haka dabarun kasuwancin da za su yi masa amfani su ne na sanin abin da ke hannu, da gano inda aiki ke maƙalewa, da cika alkawari a kan lokaci.

Fara da ƙidayar kaya

Sati biyun farko kada ka kawo sabon tsari ko guda. Yi abin da mai kanti ke yi in ya karɓi shago: ƙirga. Buɗe jadawali a kwamfuta, ko babban littafi in wuta na ba ka matsala, ka cike shafi huɗu.

Shafin malamai ya ƙunshi suna da muƙami da fannin kowa, sannan abin da ya fi muhimmanci, wa ke nan da gaske. Wane yana hutun ƙaro karatu, wane an ba shi muƙami a ofishin shugaban jami'a, wane mai ziyara ne daga Kano, sau ɗaya a sati yake zuwa. Shafin ɗalibai ya nuna adadin kowane aji, da masu kwasa-kwasan da suka faɗi suke maimaitawa, da waɗanda shekarunsu suka cika ba su fita ba. Shafin kwasa-kwasai ka raba shi gida biyu, na tsohuwar manhaja da na sabuwa, don muddin akwai ɗalibi ɗaya da ya shigo a kan tsohuwar, nauyinta na wuyanka. Shafi na huɗu na kayan aiki ne, kuma da hannunka za ka kunna kowane abu. Kwamfuta ashirin a takarda tana iya zama bakwai a kan tebur.

Daga nan sai ka auna kanka da ma'aunin NUC. Hukumar na son malami ɗaya ga ɗalibai 30 a fannonin adabi da zamantakewa da ilimi, ɗaya ga 20 a kimiyya, ɗaya ga 15 a aikin gona da injiniyanci. Tana kuma son kashi 20 na malamai su zama farfesoshi da masu bi musu, kashi 35 manyan malamai, kashi 45 na ƙasa da su. A ce sashenka na kimiyya ne mai ɗalibai 600. Malamai 30 ya kamata ka samu. A takarda kana da 22, amma biyar na ƙaro karatu, uku masu ziyara ne, saura 14 ke nan a ƙasa, wato kowanne na ɗauke da kusan ɗalibai 43. Wannan lambar ita za ka riƙa kaiwa gaban shugaban tsangaya, ita ce kuma za ka ɗora a tebur ranar da ake yanke yawan ɗaliban da za a ba ka a sabuwar shekara. Kuka da baki kowa na yin sa, shugabanni sun saba jin sa. Takarda mai lissafi ita ce ke sa a tsaya a duba.

Jarinka lokacin malamai ne

Ɗan kasuwa ya san jarinsa, ba ya barin rabinsa kwance rabi na wahala. Jarin sashe ba kuɗi ba ne, awoyin malamai ne, kuma yawancinmu muna rabon aiki da ƙirgen kwas kawai: kowa ya ɗauki uku, an yi adalci. Alhali wani kwas ɗin ɗalibai 40 ne a ciki, wani 400. In duba takarda ɗaya na cin minti goma, mai 40 zai gama cikin ƙasa da awa bakwai, mai 400 kuwa sai ya yi kusan awa 67 a sunkuye. Galibi kuma ƙaramin malami ake jibga wa babban aji, shi ne jami'in jarrabawa, shi ne mai kula da 'yan aji ɗaya, kuma ana jiran ya gama digirinsa na uku.

Yi jadawali guda da zai haɗa komai: awoyin shiga aji, yawan takardun dubawa, ɗaliban da kowa ke duba wa kundin bincike, da ayyukan ofis. Ku amince a taron sashe kan nauyin kowane abu kafin a sa sunan kowa, don in suna ya riga shiga, kowa kansa zai kare. In an gama, a liƙa shi a allon sanarwa na ofis.

Wurin manya ne abin ke buƙatar dabara. Akwai farfesan da ya koyar da ni tun ina aji biyu, kuma jadawali ya nuna nauyinsa bai kai rabin na ƙananan malamai ba. Ban kai maganar taro ba. Gida na same shi bayan la'asar, na zauna a ƙasa kamar yadda na saba, na miƙa masa takardar na ce, "Allah ya gafarta Malam, shawara na zo nema. Yaran nan biyu nauyi zai karya su, ban san yadda zan yi ba." Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce, "Shugaba, ai kai ke da sashe. Ba ni 'yan aji ɗayan nan, dama su ne suka fi buƙatar tsoho." Da a gaban mutane na karanto lambobin, da na yi asarar mutumin da na fi buƙata.

Jadawalin shiga aji ma a gina shi kan yadda rayuwa take a nan. Malamin da ke tasowa daga Kano ko Haɗeja, a tara masa darussansa a kwana biyu a jere maimakon a warwatsa su kwana huɗu, kuɗin mota kaɗai ya isa ya sa ya fara tsallake aji. Ɗalibai da yawa 'ya'yan manoma ne, wasu su da kansu ke noma abin da za su biya kuɗin makaranta, don haka gwajin da aka sa a tsakiyar shuka ko girbi sai ka ga kujeru wayam. Ranar Juma'a gajeriya ce, a Wudil kuma ranar kasuwa ce, hanya a cushe take.

Bi takardar jarrabawa ɗaya tun daga zaure har majalisa

A nan zan daɗe, don a nan mutuncin sashe yake.

Wata Talata wani dattijo ya shigo ofishina, shi da ɗansa, ƙafafunsu duk ƙura, da alama daga nesa ɗan acaɓa ya kawo su. Yaron na rungume da fayil mai roba. Abokan karatunsa sun tafi bautar ƙasa, shi kuwa an ce akwai kwas ɗin aji biyu da ba a ga sakamakonsa ba. Dattijon bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Malam, awaki uku na sayar a kan karatun nan na ƙarshe. Ku faɗa mini gaskiya, faɗuwa ya yi?" Na ce, "Baba, ba ni kwana uku." Muka kwance ɗaurin tsofaffin takardu a sito, a rana ta biyu muka sami takardar jarrabawar yaron cikin ambulan ɗin wani sashe, an duba ta, ya ci da kyau. Lamba ɗaya ya rubuta ba daidai ba a lambar rajistarsa, wanda ya shigar da maki bai ga sunan ba, ya ajiye ta gefe, shi ke nan. Yaron ya yi asarar shekara guda. Laifin na sashenmu ne, kuma ni ne shugabansa a lokacin da ya kamata a gano.

Masana gudanar da masana'antu suna da ka'idoji biyu da suka dace da wannan. Ta farko ta Eliyahu Goldratt ce, wani masani ɗan Isra'ila da ya yi fice a shekarun 1980: kowane aiki mai matakai yana da wuri ɗaya mafi ƙunci, kuma saurin aikin gaba ɗaya bai wuce saurin wannan wurin ba. Duk wanda ya taɓa ban ruwa a Kadawa ya san haka, ko ka faɗaɗa babbar hanyar ruwa, in bakin fangali a toshe yake, shuka ba ta sha. Ta biyu ta Taiichi Ohno ce, injiniyan kamfanin Toyota a Japan, wanda ya koya wa ma'aikatansa su je wurin da matsala ta faru su gani da ido, su kuma tambayi "me ya sa" har sau biyar kafin su ɗora wa wani laifi.

Ga yadda za ka yi. Zana hanyar da takarda ke bi: zauren jarrabawa, ofishin jami'in jarrabawa, hannun malami, duban na biyu ko mai duba na waje, shigar da maki, taron sashe, taron tsangaya, kwamitin tantance sakamako, majalisar jami'a. A zangon da ya wuce, kwana nawa ta yi a kowane wuri? Tambayi mutane, duba ranakun da ke kan takardu. Mu da muka yi, duk zatonmu malamai ne ke jinkirin dubawa. Ashe yawancinsu kan gama da wuri. Aikin a wurin mutum ɗaya yake tsayawa, jami'in jarrabawa, wanda ke kwafe makin kowa da hannunsa daga takardu iri-iri zuwa kwamfuta ɗaya. Me ya sa shi kaɗai? Don shi kaɗai ya iya jadawalin. Me ya sa yake kwafewa? Don kowane malami da irin tsarin da yake kawo makinsa. Me ya sa yake yi da dare kawai? Don da rana yana aji, ofis kuma babu wuta. Ka ga tambaya uku ta kai mu ga abin da tsawa a taro ba za ta taɓa gyarawa ba.

Gyaran da muka yi, wanda nake ba kowa shawara, ba ya cin kuɗi sosai. Jami'in jarrabawa ya fitar da jadawali iri ɗaya ga kowane kwas, da sunaye da lambobin waɗanda suka yi rajista a ciki tun daga rumbun bayanan jami'a, malami maki kawai zai zuba. Duk takardar da lambarta ba ta dace da kowane suna ba, a rubuta ta a wani shafi na daban mai suna "marasa gida", a kawo shi taron sashe, ba a rufe kwas sai shafin ya zama fanko. A ƙirga takardu a zaure a gwada da takardar sa hannun halarta, mai bayarwa da mai karɓa duk su sa hannu, kamar yadda ake ƙirga buhu a bakin mota. A liƙa makin gwaji da aikin gida sati biyu kafin jarrabawa, don mai ƙorafi ya yi tun da sauran lokaci. Manyan azuzuwa a yi musu duban gayya: malamai biyar ko shida su zauna ɗaki ɗaya kwana biyu, kowa ya riƙe tambaya ɗaya, sashe ya kawo abinci. A horar da mutum na biyu kan aikin jami'in jarrabawa, a kuma rage masa kwas ɗaya. Kowane sakamako a ajiye shi wuri uku: a takarda mai sa hannu, a kwamfutar sashe, da kuma a intanet ƙarƙashin adireshin sashe, ba na wani mutum ba.

Sai allo. Sami farin allo a ofis, ka ja layuka: an karɓa, ana dubawa, an shigar, ta wuce sashe, ta wuce tsangaya. Kowane kwas da 'yar takardarsa mai lambar kwas, ana matsar da ita gaba. Toyota ce ta yaɗa irin wannan, suna ce masa kanban. Amfaninsa a wurinmu shi ne ya ɗauke maka bin mutane da waya. Malami ya shigo sa hannu ya ga takardarsa ita kaɗai ta rage a layin farko, ba sai ka ce masa komai ba.

Kuɗi

Wannan gajere ne, don kuɗin ma kaɗan ne. Tun da gwamnatin tarayya ta tilasta asusun bai-ɗaya a 2015, jihohi da dama kuma suka bi sahu, sashe ba shi da hurumin tara kuɗi a aljihun kowa. Kada ka karɓi tsabar kuɗi daga ɗalibi, ko da na gyaran fanka ne, kada kuma ka kau da kai ga mai tilasta sayen takardun darasi. Ɗan abin da ofishin ma'aji ke bayarwa na gudanarwa, a rubuta shigarsa da fitarsa, a karanta a kowane taron sashe, a mayar da rasit da wuri don na gaba ya fito.

Abin da za ka aro a nan shi ne lissafin mayar da jari. A ce janaretan sashe na shan lita huɗu a rana, kwana biyar a sati, sati 40 a shekara. Lita 800 ke nan, in lita na naira 1,000, naira 800,000 ta tafi a hayaƙi, ban da gyara. Nemo farashin sola da batirin da zai ɗauki kwamfuta uku da na'urar buga takardu da fanka, ka raba da wannan adadin, ka ga shekara nawa zai mayar da kuɗinsa. Da wannan takardar za ka je wurin hukuma ko tsofaffin ɗalibai.

TETFund kuwa, hukumar tallafa wa manyan makarantu wadda dokar 2011 ta kafa, kuma harajinta ya kai kashi 3 na ribar kamfanoni a 2023, tana da kason ƙaro karatu da halartar taruka da binciken cikin gida. Sashen da ya shirya layinsa tun kafin sanarwa ta fito, wa zai tafi bana, wa baɗi, wa zai riƙe kwasa-kwasansa, shi ke cin moriya. Kada ka saki mutum uku masu fanni ɗaya a shekara guda.

Kashi 30 ɗin nan

A sabuwar manhaja NUC ta tsara kashi 70, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da ita. Wurare da yawa an cike gurbin da tsofaffin kwasa-kwasai don kada wani malami ya rasa nasa. Wannan asara ce babba, don nan ne kaɗai aka ce mana mu dubi kasuwarmu.

Baba ba ya sayen riɗi sai ya san irin da masu saye ke nema a bana. Kai ma fita ka tambaya. Jigawa na cikin manyan masu noman riɗi da zoɓo a ƙasar nan, ga shinkafa da alkama a kwarin Haɗeja, ga dabino a Dutse, ga dabbobi a Maigatari da Wudil, ga kasuwar hatsi ta Dawanau da ke ciyar da ƙasashe maƙwabta, ga ambaliyar da ta yi ɓarna a Jigawa a 2022. Sashen kimiyyar sinadarai na iya koyar da gwajin ingancin riɗi da zoɓon da ake fitarwa waje. Na tattalin arziki na iya koyar da lissafin ƙungiyoyin manoma da cinikin kan iyaka. Na labarin ƙasa na da taswirar ambaliya. Na Hausa na da fassara da aikin rediyo da rubutun intanet. Hanyar ganowa ita ce ka kira mutum goma zuwa goma sha biyar da suka ɗauki ɗalibanku aiki ko horon sanin makamar aiki na SIWES, da tsofaffin ɗalibai kamar ashirin, ka yi musu tambaya biyu: me yaranmu suka iya, me kuka koya musu da kanku bayan sun zo? Amsar ta biyu ita ce manhajarka. Daga nan sai ta bi hanyarta, taron sashe, tsangaya, ofishin tsare-tsaren karatu, majalisa. Fara da kwas ɗaya ko biyu waɗanda kake da mai koyar da su a hannu.

Gwaji kaɗan-kaɗan, ma'auni kaɗan

W. Edwards Deming, Ba'amurken da ya koyar da masu masana'antun Japan tun daga 1950, ya yaɗa wata hanya mai sauƙi: tsara, gwada, duba sakamako, sannan ka tabbatar ko ka gyara. Manomi ma ba ya zuba sabon iri a gona duka, kunya biyu yake fara ba shi. Duk sabon abu, gwada shi a kwas ɗaya na zango ɗaya. Haka muka yi da matsalar aikin gidan da na'ura ke rubutawa: a aji ɗaya muka ce kowa zai tsaya minti biyar ya kare abin da ya kawo da baki. Ya ci lokaci, amma ya raba mai karatu da mai kwafe, sai muka faɗaɗa shi zuwa kundin bincike na 'yan ajin ƙarshe.

Ma'aunin da za ka riƙa bibiya kada ya wuce huɗu ko biyar: kwana nawa daga jarrabawa zuwa fitar sakamako, ƙorafin sakamako nawa ke buɗe, darasi nawa aka shiga cikin waɗanda aka tsara, ɗalibai nawa suka fita a kan lokaci, malamai nawa suka matsa a karatunsu. Amma a yi hattara, duk ma'aunin da aka mayar abin yabo ko zargi, mutane za su koyi cika shi ba tare da aikin ba. Ka ce za a tuhumi malamin da ɗalibansa suka faɗi da yawa, gobe kowa ya ci. Ka ce yawan maƙalu kawai ake ƙirgawa, sai albashi ya ƙare a mujallun bogi masu buga komai in an biya. Lambar ta zama dalilin zuwa ka tambaya, kada ta zama hukunci.

Haka batun tantancewar NUC. Cikakkiyar amincewa na buƙatar sashe ya sami maki kashi 70 kuma tana ɗaukar shekara biyar, ta wucin gadi shekara biyu, wanda aka hana kuwa an tsayar masa da ɗaukar ɗalibai. Ba a fafe gora ranar tafiya. Buɗe fayil ga kowane kwas tun yau: tsarin darasi, tambayoyin jarrabawa, jagorar ba da maki, samfurin takardun da aka duba, rahoton mai duba na waje. A riƙa cika shi ƙarshen kowane zango kafin a ce malami ya sauke nauyi. Aron malamai da kayan ɗakin gwaji na kwana uku don a nuna wa baƙi ha'inci ne, kuma ɗaliban da aka sa su ɗauko kayan suna gani.

Inda kasuwa ta tsaya

Akwai abu biyu da ban yarda a shigo da su daga kasuwa ba. Na farko, cewa ɗalibi mai saye ne. Tun da kuɗin makaranta ya tashi, asusun NELFUND kuma ya fara ba da bashin karatu a 2024, wannan magana ta ƙara ƙarfi. Gaskiya ne yana da haƙƙin a shiga masa aji, a fitar masa da sakamako a kan kari, a yi masa magana da mutunci. A wannan ɓangaren ma ya kamata mu fi ɗan kasuwa kyautatawa. Amma mai saye in ya biya sai a ba shi abin da yake so, ɗalibi kuwa amana ce, wani lokaci haƙƙinsa a kanka shi ne ka kayar da shi. Wanda zai sha maganin da ya haɗa, ko ya zauna a ginin da ya zana, ko ya kai ɗansa ajin da zai koyar, shi ma yana da haƙƙi, kuma ba ya cikin ɗakin lokacin da ake ba da maki.

Na biyu, ɗaukar abokan aiki kamar yaran shago. Shugabancin sashe karɓa-karɓa ne, galibi shekara biyu, wanda ka yi wa tsawa yau gobe shi zai sa hannu a takardarka. Taron sashe shi ke da iko, kai mai ɗaukar saƙonsa ne. Don haka ka gyara taron: a aika ajanda kwana uku kafin ranar, kada ya wuce awa ɗaya da rabi, kowace matsaya a rubuta wa zai yi da kuma yaushe, taro na gaba a fara da karanta wannan. Nemi ra'ayin ƙananan malamai da malamai mata kafin manya su yi magana, don in Farfesa ya riga faɗa, kunya ba za ta bar su su saɓa ba. Sakatare da masinja da mai kula da ɗakin gwaji su ma a zauna da su ko sau ɗaya a zango. Sun fi kowa sanin inda fayil ke kwana.

Tun watan farko ka fara rubuta takardar miƙa mulki, kana ƙara mata abu duk ƙarshen wata. A ciki a samu shafuka huɗun nan na ƙidaya da sabbin lambobinsu, jadawalin rabon aiki, jerin ƙorafe-ƙorafen da ba a rufe ba da inda kowanne ya tsaya, ranar da amincewar NUC za ta ƙare, layin masu jiran ƙaro karatu, kalmomin sirri na adireshin sashe, bashin da ake bin sashe da wanda yake bi, da alkawuran da ka ɗauka da baki waɗanda ba a rubuta ko'ina ba. Idan saura wata uku ka sauka, ka riƙa tafiya taron tsangaya da wanda ake sa ran zai gaje ka, ka bar shi ya gabatar da sakamakon aji ɗaya da kansa. Ranar miƙawa ku zauna ku bi takardar shafi-shafi, ku zaga ofis da sito da ɗakin gwaji ku ƙirga kaya tare, ku biyun ku sa hannu, kwafi ɗaya ya tafi ofishin shugaban tsangaya.